Malami a Kan Na'urar Wankin Ƙoda, da Wadda Ke Jiransa a Baranda

(Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Malamai a taron reshe na ƙarshen zango)



A wannan zango sau biyu aka zagaya da takarda domin abokan aikinmu da ciwon ƙoda ya kama. Kun bayar, Allah ya saka da alheri. Sai dai mu da kuka aika da saƙon mun dawo jiki a sanyaye, domin abin da muka kai bai wuce kuɗin mako biyu ba, alhali cutar ba ta mako biyu ba ce.

Idan ƙoda ta gaza baki ɗaya, na'ura ce ke karɓar aikinta: a janye jini ta bututu, a tace datti da ruwan da ya taru, a mayar da shi jiki. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma babu ranar gamawa sai in an samu dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma samun mai bayarwa da kuɗin aikin da magungunan bayansa ba ƙaramin abu ba ne. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mun yaba. To amma mu malamai ne, bari mu yi lissafi: zama 12 a wata ya kama naira 144,000, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na 70,000, ba a sa kuɗin mota da gwaji da allurar ƙarin jini ba. Shi ya sa da yawa ke zuwa sau ɗaya, ko sai ƙafa ta kumbura numfashi ya yi wuya.

Duk da haka, ba maganar kuɗi ce ta fi tsaya mana a rai ba. Mun zauna da mutumin da ake auna masa ruwan sha a tsakiyar bazara, yana kallon randa ba halin ya ɗiba. An haɗa masa jijiyoyi a hannu domin allurar na'ura, hannun nan ba ya ɗaukar kaya, ba a awon jini a kansa. Duk ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne ya koma makaranta ya tarar an cire sunansa daga jadawalin darasi ba tare da an tambaye shi ba. An yi ne don tausayi, mun sani. Amma wanda ya shekara ashirin da alli a hannu, in ka raba shi da aji ka ƙara masa wata cutar. Ranar wanki yakan dawo a gajiye, gaskiya ne. Washegari kuwa yana iya koyarwa sarai. Muna roƙon shugabannin makarantu su tattara masa darussansa a ranakun da ba ya zuwa asibiti, reshe kuma ya tsaya wa duk wanda ya nemi canjin wurin aiki zuwa kusa da cibiyar wanki.

Sai mai jinya, wadda ba a tara wa komai, ba a ma cika tambayar lafiyarta ba. Ita ke tashi kafin asuba a kama motar farko, ita ke zaman baranda awa huɗu, ita ke dafa tukunya biyu domin tasa ba gishiri ba kanwa. A ɗaya daga gidajen, matar malama ce kamarmu, kuma har takardar tuhuma ta karɓa saboda makara. A ɗayan, 'yar da ke jinyar tana ajin ƙarshe na sakandare. Wataƙila wani a cikinmu ya taɓa tsawata mata don ta yi gyangyaɗi a aji.

Kwamiti na neman izinin wannan taro ya mayar da karo-karon nan na lokaci-lokaci ya zama asusu tsayayye na wata-wata, komai ƙanƙantarsa. Muna kuma neman mutum shida da za su riƙa karɓar rakiya zuwa asibiti, ko sau ɗaya a mako, domin masu jinya su samu ranar barci. Sakatare na da takarda a bakin ƙofa. A taro mai zuwa za mu gayyato ma'aikacin lafiya ya auna mu, tunda hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma sukan yi ɓarnarsu shiru. Masu shan maganin ciwon jiki kullum ba da izinin likita ba, da ku muke.

In za ku je dubiya, kada ku riƙa ayaba ko lemo ko dabino sai kun tambaya. Sinadarin da ke cikinsu kan taru a jinin mai wanki har ya taɓa zuciya. Ku riƙa masa labarin makaranta, ya ce shi ya fi kewa.