Yini Guda a Kan Hanyar Pennine: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya



An nemi mu ba ku labarin tafiyar ƙasa da muka yi a karkarar Ingila. To, jama'a, akwai wata hanya da ake kira Pennine, ta 'yan ƙafa zalla, ba mota ba babur. Tsawonta mil 268, daga ƙauyen Edale har Kirk Yetholm cikin Sukotland, an kuwa buɗe ta a shekarar 1965. Mai ƙarfi yakan gama ta cikin mako biyu zuwa uku. Zangon farko za mu ba ku, wato Edale zuwa Crowden, kimanin mil 16.

Mun tashi da sassafe da guzuri da taswira da rigar ruwa, domin a can sama ba ta da alkawari. Farkon tafiyar cikin makiyayar tumaki ne. Abin mamaki, hanyar ta ratsa tsakiyar filin mutum, shi kuwa ba shi da ikon hana ka wucewa. Duk inda aka yi shinge akwai 'yar ƙofa ko matakala. Naka kawai ka rufe ƙofar a bayanka, kada ka kauce wa turba, kada ka firgita dabba.

Da hantsi muka kama hawan da suke kira Tsanin Yakubu, tsohuwar hanyar dawakin kaya, irin ta fatakenmu. Daga nan sai tudun Kinder Scout, mita 636, babu itace ko ɗaya, sai baƙar ƙasa mai taɓo da iska. Akwai wani ruwa mai gangarowa daga dutse wanda idan iska ta yi ƙarfi sai ta mai da shi sama kamar hayaƙi. Wajen nan muka yi azahar. Bayan mun tsallake titin mota sai wani tudun, Bleaklow, inda hazo kan ɓatar da mutum da rana tsaka. Muka gangara Crowden da yamma lis, ƙafafu sun yi tsami.

To, wannan hanya ba kyauta aka same ta ba. Da can masu ƙasa sun killace tudun domin harbin wasu tsuntsaye masu kama da fakara, suka zuba masu gadi. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan mutane, galibi ma'aikata daga Manchesta, suka hau Kinder Scout da gangan, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1935 wani ɗan jarida, Tom Stephenson, ya kawo shawarar a yi doguwar hanyar. Dokar 1949 kuma ta wajabta wa ƙananan hukumomi su zana hanyoyin jama'a a taswira. Yau kuma ko manomi ya nome hanyar da ta ratsa gonarsa, dole ya gyara ta cikin kwana 14.

A nan ne maganar ta zo gida. Da yawa daga iyayenmu da ƙafa suka iso kudu, suna kora shanu ta burtali, su koma da goro. Yau an nome burtalin a wurare da dama, wasu an yi gini a kai, kowa kuma ya san jinin da ake zubarwa a kan haka. Abu biyu suka tsare wa Turawa hanyarsu: an rubuta ta a doka, masu binta kuma sun kiyaye haƙƙin mai gona. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya tsayuwa.

Don haka muna roƙon shugabanninmu, musamman na kara, da su matsa wa hukuma ta auna abin da ya rage na burtali, ta kafa alama, ta sa a takarda. Mu kuma mu ja kunnen yaranmu masu kora dabbobi, gonar wani ba hanya ba ce. Zama lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki, balle ga wanda ke zaune a garin wasu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.