DAGA NEW YORK ZUWA BEIJING: RAYUWAR STEPHON MARBURY DA DARASIN ZAMAN BAƘUNCI



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, shugabannin wannan ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro garuruwan da kuke neman abinci domin halartar wannan taro, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi jawabi a kan matasa da wasanni. Na ga ya fi amfani in ɗauki rayuwar mutum guda mu bi ta daki-daki, maimakon in jero nasihohi. Mutumin shi ne Stephon Marbury, Ba'amurke ɗan wasan ƙwallon kwando, wanda sunansa ya ɓaci a garinsu, ya je ya gyara shi a ƙasar Sin.

An haifi Marbury a shekarar 1977 a Coney Island, wata unguwar talakawa a Brooklyn ta birnin New York. Yayyensa maza uku duk sun yi fice a wannan wasa, amma babu wanda ya kai ga babbar gasar Amurka da ake kira NBA, don haka burin gidan gaba ɗaya ya koma kansa. Da ya kammala sakandare a 1995, sai ya shiga jami'ar Georgia Tech da ke Atlanta. A Amurka jami'o'i ne matattarar 'yan wasa: su ɗauke wa yaro nauyin karatu, shi kuma ya buga musu wasa. Marbury ya yi shekara ɗaya rak, yana ci musu maki kusan 19 a kowane wasa, sannan ya ajiye karatun. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1996 shi ne na huɗu da aka ɗauka, yana ɗan shekara 19.

Gwanintarsa ba abin gardama ba ce. Matsayinsa a fili shi ne na mai rarraba ƙwallo, wanda ke tsara wa sauran huɗun yadda za a kai hari. Ya fara da ƙungiyar Minnesota tare da Kevin Garnett, ya koma New Jersey a 1999, daga nan Phoenix. Sau biyu, a 2001 da 2003, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar. Amma duk inda ya je sai a rabu baram-baram, har aka yi masa shaidar cewa kansa kawai ya sani. Ga shi kuwa aikinsa shi ne ya ba wani ƙwallo ya ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2004 ya dawo gida, ya shiga ƙungiyar New York Knicks wadda yake so tun yana yaro, aka tarbe shi da murna. Nan ne kuma al'amura suka fi dagulewa. Ya yi ta sa-in-sa da masu horar da shi ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar tana ta shan kashi, jaridu suna ɗora masa laifi. A Disambar 2007 mahaifinsa ya zo kallon wasansa, ciwo ya kama shi a filin, ya rasu a daren. A kakar 2008 zuwa 2009 ana biyansa fiye da dala miliyan 20, amma ba a sa shi a wasa ko sau ɗaya ba, har aka sallame shi. Ya ɗan taɓa zama a Boston, daga nan ƙofar NBA ta rufe. Daga baya ya bayyana da bakinsa cewa a wannan lokaci ya faɗa cikin matsanancin ƙuncin zuciya. Ku lura, jama'a, dukiya tana nan, amma ba ta saya masa mutunci ko kwanciyar hankali ba.

A farkon 2010, yana dab da shekara 33, ya tafi ƙasar Sin. Ya fara da ƙungiyar lardin Shanxi, a birnin Taiyuan na yankin masu haƙar kwal, ya wuce Foshan, sannan a 2011 ya shiga Beijing Ducks. Ba shi ne Ba'amurke na farko da ya je can ba. Da yawa sukan je su karɓi albashi, su kulle kansu a otal, suna ƙorafin abinci da harshe, kaka na ƙarewa su kama hanya. Marbury ya bi wata hanya dabam. Ya riƙa hawa jirgin ƙasan cikin gari tare da talakawa, yana cin abincinsu, yana zuwa kallon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin kamar kowane ɗan gari, yana ziyartar yara marasa lafiya a asibiti. A fili kuma ya zama yaya ga matasan ƙungiyar, yana koya musu abin da ya sani, yana bin umarnin kocinsa Min Lulei.

Sakamakon bai daɗe ba. A 2012 Beijing Ducks ta doke Guangdong, wadda ta mamaye gasar shekara da shekaru, ta ɗauki kofi karo na farko a tarihinta. Suka maimaita a 2014 da 2015. Mutanen birnin suka kafa mutum-mutuminsa, aka ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa, aka buɗe gidan tarihi da sunansa a 2015, aka kuma ba shi takardar izinin zama na dindindin, abin da gwamnatin Sin ba ta cika bai wa baƙi ba. Ya yi ritaya a 2018, a 2019 kuma aka ba shi horar da wata ƙungiya ta Beijing.

Mukan ce hali zanen dutse. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga illar wannan magana idan aka yanke wa yaro hukunci da ita tun da wuri. Ƙwarewar Marbury a Beijing ba ta fi ta New York ba, hasali ma ƙarfinsa ya ragu saboda shekaru. Abin da ya sauya shi ne mu'amalarsa da mutane. Idan mai shekara 33 zai iya gyara halinsa, to kada mu fid da rai da ɗan shekara 17 da ke ba mu ciwon kai a gida.

Wani abin kuma, bai yanke hulɗa da tushensa ba. Tun a 2006 ya fito da takalmin wasa mai suna Starbury a kan ƙasa da dala 15, a lokacin da irinsa ke haura dala 100, domin ya san yadda iyaye a unguwarsu ke fama kafin su saya wa yaro takalmi. A 2020, da annobar korona ta addabi New York, ya yi amfani da sanayyarsa a Sin wajen ƙoƙarin samo wa garinsu takunkuman fuska masu yawa a farashin kamfani. Garin da ya yi masa ihu, shi ya waiwaya ya taimaka.

'Yan'uwa, galibinku baƙi ne a inda kuke zaune, ko Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, ko ƙetare. Mutanen wurin ba su san garinmu ba sai ta hanyar halinku. Ku girmama masu masaukinku, ku koyi harshensu, ku halarci sunansu da jana'izarsu, ku riƙe amanar aikin da aka ba ku. Ku kuma tsaya a kan karatun 'ya'yanku ko da sun nuna gwaninta a wasa, domin NBA 'yan wasa 60 kacal take zaɓa a shekara, yayyen Marbury uku kuma shaida ne cewa ba kowane gwani ne yake isa ba.

Allah ya albarkaci neman kowa, ya shirya mana zuriya, ya mai da ku gidajenku lafiya.