Baƙuwar Da Ta Sandare: Jawabi Ga 'Yan'uwa Ɗalibai



Abin da ya tara mu yau shi ne kwamfutar da ke zaune a cikin wata kwamfuta. Babbar na'ura ita ce mai masauki, ƙananan da take ɗauke da su kuwa baƙi ne, kowacce da nata faifai da nata aiki. Dabarar tsohuwa ce, gama kamfanin IBM ya fito da VM/370 tun 1972, KVM kuma ya shiga Linux a 2007.

To, wata rana baƙuwa takan sandare, alhali rajistar ɗalibai ko lissafin albashi yana cikinta. Ina dabara?

Da fari mu buɗe allon umarni na mai masauki, mu rubuta virsh list --all, don mu tabbatar da sunanta da halin da take ciki. Kuskuren suna yakan sa a kashe maƙwabciyar da ba ta ji ba, ba ta gani ba. In muka tarar an dakatar da ita ne, sau da yawa faifan mai masauki ne ya cika. Sai mu rage masa kaya, mu sake ta da virsh resume.

In ba haka ba ne, mu lallashe ta da virsh shutdown, haɗe da sunanta. Wannan roƙo ne kurum, saboda haka mu ba ta 'yan mintoci ta kintsa kayanta.

Sai ta yi kunnen ƙashi sa'an nan za mu kai ga virsh destroy. Umarnin nan ba ya share faifai. Daidai yake da zare filogi daga bango. Amma fa duk abin da ke ƙwaƙwalwarta wanda bai sauka a faifai ba ya salwanta ke nan, ko da sakamakon jarrabawa ne. Daga nan virsh start zai tashe ta.

Tashinta ba shi ne ƙarshen aiki ba. Wajibi ne mu karanta labarin da aka rubuta a /var/log/libvirt/qemu, mu binciki lafiyar faifanta, mu kuma shaida wa masu aiki a kanta su duba abin da suka shigar daga baya.

'Yan'uwa, amanar jama'a ce a cikin waɗannan na'urori, gaggawa kuwa aikin Shaiɗan ce. Mu fara da dubawa, mu bi da lallashi, ƙarfi ya zo daga ƙarshe.