Ƙofa Ce Ta Rufe, Kaya Na Nan: Lacca Ga Ɗaliban Kwamfuta a Gwarzo

 

Kwanakin baya wata ɗaliba ta kawo mini kwamfutarta, idanunta sun yi jajir. Da ta sa kalmar sirri sai allon ya yi baƙi, ya dawo yana sake tambayarta. Aikin kammala karatunta na ciki, mai gyara kuma ya ce sai an yi fomat. Raina ya ɓaci, domin ko harafi ɗaya bai ɓata ba.

Linux ɗin da ke kan kwamfutarta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta gaji tsarin izini daga Unix, wadda aka soma a Amurka a 1969. Kowace folda tana da mai ita, da rukuninsa, da sauran jama'a, kowa da rabonsa: karatu 4, rubutu 2, wucewa 1. A haɗa su duka, 7 ke nan.

Ku riƙe wannan 1 ɗin da kyau. Ku tuna gidajenmu. Ɗaki naka ne, makulli na aljihunka, amma idan aka garƙame zaure, ta ina za ka bi? A kan folda, 1 shi ne izinin ƙetare zaure. Shi ya sa wanda ya buga umarnin sauya izini chmod -R 644 a kan foldarsa ta gida yake kwana a waje: ya bar wa kansa karatu da rubutu, ya toshe hanyar wucewa.

Ita ɗalibar nan matsalarta daban ce. Ta buɗe wata manhaja da sudo, sai wani ɓoyayyen fayil mai suna .Xauthority ya koma mallakar root, mai iko da na'urar duka. Muka danna Ctrl da Alt da F3, baƙin allon rubutu ya fito, ta shiga da sunanta. Na ce kada ta taɓa komai tukuna, mu duba. Umarnin ls -la ya jero fayilolin gidan, ga sunanta a kan kowane fayil, sai guda ɗaya da ke ɗauke da root. Da sudo chown muka mayar mata da shi.

Wasu za su ce muku ku buga chmod 777 ku huta. Don Allah kada ku yi. Cire ƙyauren gida ke nan saboda makulli ya cije, kowa ya shiga ya rubuta ya goge. Manhajar SSH ma takan ƙi karɓar makullinka idan ta ga gidan a wangale haka. Tun daga fitowar 21.04, Ubuntu tana ba sabon gida 750: mai gida 7, rukuninsa 5, bare babu komai. Nan muka bar nata.

Ta sake sa kalmar sirri, hannunta na rawa. Babi biyar na aikinta suna inda ta bar su.