Jawabi Ga Manoman Galtimari: Yadda Saiwa Ke Gane Abokiyar Zamanta

Jama'ar Galtimari, a ƙarƙashin gonakin gero da dawa akwai wata fumfuna mai siririn zare, wadda ke janyo wa saiwa ruwa da sinadarin fosforas, shuka kuwa ta biya ta da sukari. In ƙasa ta gaji, saiwa takan fitar da sinadarin kira, kamar yadda masanan Japan suka tabbatar a 2005. Fumfunar takan amsa da nata sinadarin, wanda aka gano a Faransa a 2011. Da saiwa ta gane shi, sai ta buɗe mata ƙofa.

Amma fa wannan kiran shi ke tayar da irin wuta-wuta. Saboda haka, a wadata gona da taki, kira ya ragu, wuta-wuta ta yi sauƙi.