INNA MAI KEKE: JAWABIN TUNAWA DA UWA KUMA MALAMAR ƊINKI

(An gabatar da shi a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Rano)



Shugaban taro, iyayenmu malamai, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan tarbiyya da sana'a. Da na zauna rubutu sai na ga ba ni da misalin da ya wuce mahaifiyata, wadda Allah ya yi wa rasuwa a bara, bayan ta haura shekara tamanin. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata. Matan Kibiya kuwa Malama Mai Keke suka sani.

Inna ba ta da takardar haihuwa. In aka tambaye ta shekarunta sai ta ce tana 'yar talla lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956. A Rano aka haife ta, aure ya kai ta Kibiya. Ta kan yi mana tunin cewa a cikin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, watau masu rini, saboda haka ɗan ƙasar nan bai kamata ya jahilci tufa ba. Da allura da zare ta fara, tana ɗinkin hula. Da kuɗin hula da na adashi ta sayi keken ɗinki na hannu, daga baya ta sami Singer mai ƙafa.

Ba ta yi makarantar boko tana yarinya ba. Amma da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980, Inna ta shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayanta. Abin da ya kai ta shi ne ta iya karanta lambobin tef ɗin awo, ta kuma rubuta awon masu kawo ɗinki. Da ta iya, sai ta mayar da tsakar gidanmu makaranta. Bayan azahar matan aure da 'yan mata sukan cika tabarmi. Takardar buhun siminti ake fara yankawa, sai hannu ya faɗa kafin a taɓa atamfa. Wadda ta yi karkatacciyar kalmasa, Inna za ta miƙa mata reza ta ce, "Warware, 'yar nan. Mai kaya ba zai ga gajiyarki ba, ɗinkinki zai gani." Ba ta taɓa sallamar yarinya don rashin kuɗin koyo ba.

Ni ne autanta. Ina aji uku a firamare mahaifinmu ya rasu, ya bar mu mu shida. Ƙarar keken nan ce ta ciyar da mu. In salla ta gabato, fitilar ƙwai ba ta mutuwa a ɗakinta sai asuba. Kuɗin jarrabawata ta fita daga sakandare da na shiga Jami'ar Bayero duk daga ƙarƙashin allurar nan suka fito.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Wata ranar ziyara, ina aji biyu a nan, ta zo mini da wandon makaranta da ta yi wa faci. Saboda kunyar abokai na cusa shi ƙasan akwati, na ƙi rakiyarta bakin ƙofa. Ba ta ce uffan ba. Da na koma hutu na tarar ta ɗinka mini sabo, ashe zanenta na fita unguwa ta sayar ta sayi yadin. Har ta koma ga Allah ba ta tayar da maganar ba.

'Yan'uwa, yau ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma kun san yadda albashi yake: kafin wata ya raba tsakiya ya ƙare. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, yawancin atamfar Kantin Kwari kuma daga Sin ake kawo ta. Duk da haka tela bai rasa aiki ba, domin kowane yadi sai an ɗinka shi. Ranar ta'aziyyar Inna, matan da suka zo daga Rano da Bunkure da ƙauyukan Kibiya, da yawansu da kekensu suke riƙe da marayu.

Keken Inna na nan a rufe da tsohon zane. Ni da 'yan'uwana mun amince mu ba wannan ƙungiya shi. Roƙona shi ne kowane rukunin shekara ya haɗa kuɗin keke ɗaya, mu nemi izinin hukumar makaranta a ba mu ɗaki, mu ɗauko malama daga cikin ɗalibanta, a riƙa koya wa ƙannenmu da matan gari a lokacin hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina fata kafin mu tashi a naɗa kwamitin da zai kawo rahoto a taro mai zuwa.

Allah ya jiƙan Inna da dukan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa Aljanna ce makomarsu.