Tsohon injin shefa da na ƙwato daga hannun 'yan gwangwan

Yau hirar ƙarfe za mu yi. Wanda ke jin wata ƙara tak, tak, tak a bayana, kada ya ce makirfo ne ya lalace. Injin da zan ba ku labarinsa ne yake aiki.

Sunansa shefa. Na tsince shi ne a wajen wani mai sayen gwangwan, an jingine shi da bango ana jiran a sa guduma a farfasa a auna a kilo. Na goge ƙurar jikinsa sai na ga an rubuta Atlas 7B. Wani kamfani ne a garin Kalamazoo, jihar Michigan ta Amurka, ya ƙera shi, kuma an daɗe da daina yin irinsa. Wannan 7 ɗin tana nufin inci 7, kusan milimita 178, iyakar tafiyar hannunsa ke nan. Mu huɗu muka ɗora shi a a-kori-kura. Da na isa gida Baba ya leƙo ya ce, "Kai yanzu bola ka koma kwasowa?" Na ce, "Baba ku dai ba ni wata guda."

To me yake yi? Kun san yadda kafinta ke fere katako, ya tura ya dawo? Haka shefa yake fere ƙarfe. Akwai hannu mai nauyi a samansa da ke zuwa gaba ya koma baya, a bakinsa an ɗaura 'yar wuƙa guda ɗaya. In ya tafi gaba ya yanka, in zai dawo sai mariƙin wuƙar ya ɗaga kaɗan ya sake faɗawa, wannan ce ƙarar da kuke ji. Kowace dawowa kuma teburin sai ya matsa gefe ɗan ƙiris. Dabarar tsohuwa ce, ana danganta ta da injiniyan nan na Sikotland, James Nasmyth, a 1836. Daga baya injin milin ya ture shi a masana'antu saboda ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Za ku ce to me ya kai ni? Wuƙar. Wuƙar milin in ta dakushe sai ka nemi sabuwa, da tsada. Ta shefa guntun ƙarfe ne mai tauri irin na masu tona, kai da kanka za ka wasa shi a dutse, ka ba shi siffar da kake so. Guntu ɗaya sai ya daɗe yana maka aiki.

Bari in gaya muku wautar da na yi. Moton da ya zo da shi na wutar Amurka ne, bolt 110, mu kuma tamu 230 ce. Na cire na sa wani, na jona waya, na kunna. Inji ya tashi, ina ta murna. Amma da na sa ƙarfe sai wuƙa ta riƙa dukansa kamar da haushi, injin duka yana girgiza. Kwana biyu ina wasa wuƙa ina zarginta. Ashe moton baya yake juyawa. Shi shefa an yi shi ne ya tafi gaba a hankali, inda yake yanka, ya dawo da sauri tunda ba ya aikin komai. Ni na juya masa lissafi, yana yanka da gudu yana dawowa yana rangwaɗa. Da babban giyan cikinsa ya karye a wannan kwana biyun, shi ke nan, don ba shagon da zan shiga in ce a ba ni sabo. Saboda haka duk wanda ya canza moto, ya tsaya ya kalli hannun kafin ya sa ƙarfe.

Daga nan na ɗauki wata ɗabi'a, ba na kunna shi sai na juya fuli da hannu zagaye guda cikakke. Wannan injin ba ya jin ya ci karo da wani abu. In bais ne a gabansa zai tura, in yatsa ne ma zai tura. Ka bar fili a bayansa kuma, don hannun yana fitowa ta baya, kada ka manna shi da bango.

Gyare-gyaren da na yi masa ba su da yawa. Na yi wa bel murfi. Na sa makunni babba ja a inda gwiwata za ta kai. Na kafa allon kwano a gaba, don ɓarɓashin ƙarfen da zafi yake fita kuma yana tafiya nesa, ga yara suna shigowa kallo. Hanyoyin da hannun ke zamewa na wanke da kananzir, na ɗaure sukurorin gefe har girgiza ta tafi amma bai cije ba. Mai nake zuba musu, ba giris ba. Giris yana riƙe ƙura da ɓarɓashi, da hunturu kuwa kun san yadda ƙurarmu take, sai ya koma kamar sanfefa yana cin injin.

Wanda ya fi yi min amfani shi ne na awo. Lambobin jikinsa duk na inci ne, ni kuma da milimita nake aiki, inci ɗaya milimita 25.4. Lissafi ya ishe ni. Sai na sayi ma'aunin nan mai batir da ke nuna lamba, na ɗaure shi a kan mariƙin wuƙa. Wasu masu son kayan da za su ce na ɓata masa asali. Ban huda jikinsa ko ɗaya ba, maƙalawa na yi, ranar da na ga dama in cire.

Aikin da ya sa Baba ya daina kiransa bola shi ne fulin injin markaɗen maƙwabciyarmu. Gurbin ki ɗin da ke cikin fulin ya cinye, shaf yana juyawa fuli yana tsaye, kwana uku ba ta yi ciniki ba. Shaf ɗin milimita 25 ne, ki ɗinsa faɗin milimita 8. Na wasa wuƙa daidai faɗin, na ɗaura ta a dogon ƙarfen da zai shiga ramin, na kulle mariƙin don kada ya ɗaga a ciki, na buɗe sabon gurbi a ɗaya gefen. Kaɗan-kaɗan nake saukar da wuƙa, har zurfi ya kai milimita 3.3. Ya ci min fiye da awa guda. Da yamma sai ga kwanon ƙosai an aiko, ga ƙarar injinta muna ji daga tsakar gida.

Masu tambaya ko zan sayar, a'a. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan yi bayanin yadda nake wasa wuƙar, don saƙonninku sun fi yawa a kan haka. Wanda kuma ya san inda wani shefa yake kwance ana shirin farfasa shi, ya yi min magana tun kafin guduma ta sauka. Sai mun haɗu.